SHIN DABBA TANA ZALUNCI?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mai ƙaho da mai haure da mai dafi, Ya ba kowannensu makami gwargwadon buƙatarsa, sannan Ya keɓance ɗan Adam da hankali, Ya ɗora masa amana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan damina ta ja baya hatsi ya nuna, garkunan da suka hau arewa sukan fara gangarowa ta Dallol Mawri, su ratsa ƙasar Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri. A wannan lokaci ne ake yawan jin maganganu irin su mugun sa, azzalumin raƙumi, la'anannen kare. Haka nan idan mutum ya aikata wani aiki na rashin imani, sai mu ce wane ya zama dabba. Waɗannan kalmomi sun zauna a bakinmu har ba mu tsayawa mu auna su. To, ya kamata mu auna su, domin akwai hukunci a ƙarƙashinsu, kuma akwai jini da dukiya. Tambayarmu biyu ce. Shin dabbar da ta yi tunkuyi ko cizo ko ɓarnar gona ta yi zalunci? In ba ta yi ba, wuyan wa alhakin yake hawa?

DALILAN FAƊAN DABBA

Duk wanda ya tashi cikin dabbobi ya san ba su faɗa haka kawai. Makiyayi zai iya lissafa maka dalilan da yatsun hannu ɗaya.

Na farko tsoro. Macijin da ya sari manomi a gindin kara yawanci taka shi aka yi, ko aka rutsa shi inda ba shi da mafita. Kunama ba ta fita neman wanda za ta harba, hannu ne ke isko ta a ƙarƙashin dutse.

Na biyu kare ƴaƴa. Saniyar da yaro ke ja da igiya jiya, yau idan ta haihu ko babba sai ya yi hattara da ita. Kaza, duk da rauninta, takan tasar wa shirwa idan ta ga za a ɗauke mata ɗan tsako.

Na uku gasar barbara. Amale idan sanyi ya shigo yakan rage cin abinci, bakinsa ya yi kumfa, ya riƙa ruri, har mai shi ma yana iya cizo. Bijimai biyu a garke ɗaya sai sun gwada ƙarfi kafin ɗaya ya san matsayinsa.

Na huɗu yunwa da ƙishirwa da ƙuncin wuri. A bakin rijiya da rani ake ganin shanun da suka kwana tare lafiya suna sukar juna a kan kwami. Dorinar kogin Kwara misali ce babba. A watan Nuwamba na 2014 wata dorina ta kifar da jirgin ruwa a Libore kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne masu zuwa makaranta. A 2017 kuma mutanen yankin Ayoru suka kashe dorina aƙalla 27 saboda ɓarnar da suke yi wa gonaki da dabbobi. Dorina ciyawa take ci, ba ta cin mutum. Amma bakin kogin da take kiwo da dare ya koma gonakin shinkafa da lambuna, ita da ɗan Adam suka matsu a wuri ɗaya.

Na biyar ciwo da cuta. Jakin da mangala ta yi wa miki a baya zai yi shuri idan aka zo ɗora masa kaya. Karen da ya haukace yana cizon maigidansa, alhali jiya shi ne mai gadin ƙofarsa.

A cikin waɗannan biyar babu hassada irin tamu, babu shaidar zur, babu zama a ƙulla makirci da dare, babu gadon gaba daga kaka zuwa jika.

IYAKAR FAƊANTA

Abu na biyu da ido ke gani shi ne yawancin faɗan dabbobi ƴan jinsi ɗaya yana da iyaka. Raguna biyu sukan ja da baya su yi karo, har ɗaya ya ji ba zai iya ba ya juya, mai nasara kuwa ba ya bin sa gida. Karnuka sukan yi gurnani su bayyana haƙora, wanda ya ga an fi ƙarfinsa ya kwantar da kai ya naɗe wutsiya, faɗa ya mutu. Wanda ya bi hanyar Yamai ta Kure yana iya ganin raƙuman dawa maza suna dukan juna da wuya a ƙarƙashin gawo, duka mai tsanani, amma galibi yana ƙarewa ne da ɗaya ya yi tafiyarsa.

Malamanmu na farko sun lura da irin wannan. Aljahizu, wanda ya rayu a Basra a ƙarni na 3 na Hijira, ya rubuta littafi babba a kan dabbobi da ɗabi'unsu, haka ma Addamiri na Misira, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira. A zamanin nan kuma wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, ya wallafa littafi a 1963 inda ya yi bayanin cewa dabbobi masu makamai masu haɗari suna da alamun saranda da ke tsayar da mai rinjaye kafin ya kai ga kisa.

Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna wannan iyaka ba kullum take tsayawa ba. Zakin da ya ƙwace garke daga wani zaki yakan kashe ƴaƴan da ya tarar, domin uwayensu su koma karɓar barbara. A dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya, masaniya Jane Goodall da abokan aikinta sun ga wani rukunin manyan birai yana bin mazan wani rukuni ɗaya bayan ɗaya yana kashewa, tsakanin 1974 da 1978, har suka ƙare. Saboda haka dabba ba waliyyiya ba ce, kuma ba za mu ce wa mutane su koyi adalci daga daji ba. Abin da ya raba mu da ita yana wani wuri dabam.

ALƘALAMI BA YA HAWA KANTA

Zalunci a wurin malamai shi ne ajiye abu inda ba muhallinsa ba, da ƙetare iyakar da aka sani. Wanda zai ƙetare iyaka sai an kafa masa ita, ya fahimce ta, yana kuma da ikon tsayawa. Wannan shi ne taklifi, kuma sharaɗinsa hankali da balaga da isowar kira. Shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga yaro da mahaukaci da mai barci. Dabba ta fi su nisa da taklifi, domin ba a aiko mata manzo ba, ba a saukar mata da shari'a ba. Zakin da ya kashe ƴaƴan wani zaki bai saɓa wa wani umurni ba. Yana tafiya ne a kan abin da aka halicce shi a kai, kamar yadda wuta ke ƙuna ruwa ke gangara.

Shari'a ta gina hukunci a kan wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisin da ke nuna cewa raunin da dabba ta yi da kanta, ba da sakacin kowa ba, ba shi da ramuwa ba shi da diyya. Ba a kai sa gaban alƙali, ba a yi wa doki haddi.

Wannan bai hana mutum kare kansa ba. Annabi (S.A.W.) ya ba da izinin kashe wasu halittu biyar ko da a cikin Harami, ko da mutum yana cikin harama: hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya fassara kare mai cizo da duk abin da ke farma mutane yana tsorata su, kamar zaki da damisa da kerkeci. Ya kuma yi bayanin cewa wanda raƙumi ya tasar wa har ya ji tsoron ransa ya kashe shi, in yana da shaidar raƙumin ne ya farma masa, ba zai biya ba. Amma mu lura da dalilin izinin: tunkuɗe cuta ne. Ba horo ake yi wa dabbar ba, domin ba ta yi laifi ba. Don haka ba a yarda a azabtar da ita ba, ko a ƙone ta da wuta, ko yara su ɗaure ta suna jifa har ta mutu. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya wajabta kyautatawa hatta a wurin kisa da yanka.

TO, RAMUWAR TINKIYA FA?

Mai karatu zai iya cewa: in dabba ba ta zalunci, yaya za mu yi da hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.), wanda ke ba da labarin cewa ranar Alƙiyama za a mayar da haƙƙoƙi ga masu su, har a rama wa tinkiya maras ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata? Ai ramuwa ba ta zuwa sai bayan laifi.

Tambaya ce mai nauyi, kuma malamai sun amsa ta. Imamu Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya bayyana cewa wannan ramuwa ta daidaitawa ce, ba ramuwar taklifi ba, tun da babu taklifi a kan dabba. Ba za a kai mai ƙaho wuta ba, ba za a kai maras ƙaho Aljanna ba. Malaman tafsiri a ƙarshen Suratun Naba'i sun kawo cewa bayan an daidaita tsakaninsu za a mayar da su turɓaya, a lokacin ne kafiri zai yi burin da ma shi ma turɓaya ya zama.

Ashe hadisin da mu yake magana. Idan tunkuyin da tinkiya ta yi wa ƴar'uwarta a bakin kwami, wanda ba wanda ya gani, ba wanda ya rubuta, bai ɓace a wurin Allah ba, ina ga wanda ya kora shanunsa gonar marayu da gangan? Ina ga wanda ya sare wa saniyar wani agara don huce haushi? Ubangijin da bai bar haƙƙin maras hankali a kan maras hankali ba, ba zai bar haƙƙin mai hankali a kan mai hankali ba.

INDA ALHAKI YAKE KOMAWA

Idan an wanke dabba, ɓarnar da ta yi tana nan ba ta gushe ba, ga gona an cinye, ga yaro an cije. Shari'a sai ta waiwaya ta nemi mutumin da ke bayan dabbar. Mutum huɗu take samu.

Na ɗaya, mai sakaci. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azibu (R.A.) ta shiga wata gona ta yi ɓarna, sai Annabi (S.A.W.) ya hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. A kan wannan Ibnu Abi Zaidin ya tafi a Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ya kuma ƙara da cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta suna lamunce abin da ta taka. Shaihu Halilu a Muhtasar ya ƙara fayyacewa: rangwamen rana yana aiki ne idan an sake su nesa da gonaki kuma babu makiyayi tare da su, in kuwa akwai makiyayi ya yi sakaci, biyan yana kansa. Ya kuma ce shukar da ba ta nuna ba ana ƙimanta ta ne tsakanin fatan ta yi da tsoron ta lalace. Wato manomi ba zai nemi kuɗin damin da bai tabbata zai samu ba, makiyayi kuma ba zai ce ai ciyawa ce kawai ba.

Wannan shari'a tsohuwa ce. A Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79, Allah Ya ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana (A.S.) lokacin da suke hukunci a kan gonar da tumaki suka shiga da dare. Malaman tafsiri sun ce Dawuda ya ba mai gona tumakin, Sulaimana kuma ya ga mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da nononsu da gashinsu, mai tumaki ya gyara gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi nasa. Allah Ya yabi su biyun da hikima da ilimi, Ya kuma ce Ya fahimtar da Sulaimana mas'alar. Hukuncin da aka fifita shi ne wanda ya mayar wa mai gona haƙƙinsa ba tare da ya tsiyata mai tumaki ba.

Na biyu, wanda ya san dabbarsa tana cutarwa ya bar ta. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya ajiye kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi bai kawar da shi ba, abin da karen ya yi yana wuyansa. Haka sa mai tunkuyi da aka sani, haka raƙumi mai cizo. A nan ya wajaba mu tsaya a kan ciwon haukan kare. Ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun karen, ta bi ta raunin cizo ta hau zuwa ƙwaƙwalwa, ita ce ke sa shi cizon duk abin da ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da yawa daga cikinsu yara ne. Da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, kamar tsoron ruwa da firgita, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma tun 1885, lokacin da Luwi Pasto na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurarta, an san ana iya tare ta kafin ta kai ga haka. Wanda kare ya ciza a wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. Wanda kuma ya ajiye kare don gadin garke ko gona ko farauta, abin da shari'a ta halatta, to ya kai shi a yi masa rigakafi wurin likitan dabbobi, domin yana cikin amanar da ya ɗauka.

Na uku, mai gallaza wa dabba har ta zama mafaɗaciya. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya shiga gonar wani mutumin Madina, wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka idanunsa suna zubar da hawaye. Annabi ya shafa shi ya natsu, sannan ya nemi mai shi, ya tsoratar da shi Allah, ya gaya masa raƙumin ya kai ƙararsa a kan yunwa da yawan aiki. Sau nawa ake cewa jakin wane mugu ne, alhali tun asuba yake jan amalanke ba ruwa ba harawa, ga sanda a kan miki? Sau nawa magidanci ke ɓata rai a kasuwa ya dawo ya sauke a kan sa na noma? Wannan shi ne haushin kaza huce kan dami, kuma za a tambaye shi.

Na huɗu, mai zuga dabbobi su yi faɗa don nishaɗi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) hani a kan haɗa dabbobi faɗa. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma malaman fiƙihu ba su halatta aikin ba, domin azabtar da rai ne ba tare da wani amfani ba. Idan Layya ta gabato mukan ga samari suna fitar da raguna suna haɗa su karo, manya suna kallo suna dariya. Ragunan da in an bar su za su yi karo biyu su rabu, sai a riƙa mayar da su har jini ya fito. In an sa kuɗi a kai, caca ta haɗu da azabtarwa. Mu kuma tuna cewa a Risala, dabbar da ƙahonta ya karye yana zubar da jini ba ta isar wa Layya. Sai mutum ya ɓata ibadarsa da hannunsa saboda wasan yamma ɗaya.

LOKACIN DA MUTUM YA WUCE DABBA

Yanzu mun iso ga abin da ya fi komai nauyi. Saniya ta shiga gona ta ci wake. Ba ta san iyaka ba, ba ta san mai gonar ba. Abin da ta ɓata ana iya auna shi da tiya, a biya. Amma a ƙasarmu mun ga inda irin wannan ta kai.

A ƙarshen watan Oktoba na 1991, lokacin da babban taron ƙasa yake zaune a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda cikin jihar Maraɗi ya ci rayukan mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara na makiyaya. A watan Nuwamba na 2016 kuma, a Bangi cikin jihar Tawa, mutum aƙalla 18 suka rasu a irin wannan rikici. Waɗanda suka mutu a waɗannan wurare, da yawansu ba su kora ko akuya ɗaya gonar kowa ba, ba su ɗaga wa kowa sanda ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi daga cikin Annabawa da tururuwa ta cije shi a ƙarƙashin itace, ya sa aka ƙone gidan tururuwar gaba ɗaya. Sai Allah Ya yi masa wahayi yana zarginsa a kan halaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Idan an zargi Annabi a kan tururuwa, mene ne matsayin wanda ya ƙone ruga ko ya ƙone gari saboda laifin mutum ɗaya? Alƙur'ani ya maimaita a wurare da yawa, cikinsu har da Suratul An'am, cewa wani ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Ba a kama Bafulatani da laifin Bafulatani, ba a kama Ba'are da laifin Ba'are.

A Suratul Ma'ida, kisan farko a bayan ƙasa ɗan Adam ne ya yi wa ɗan'uwansa saboda hassada, kuma hankaka aka aiko ya nuna masa yadda zai binne gawar. Hankakan nan yana cikin biyar ɗin da aka halatta kashewa, ga shi ya zama malamin mai hankali. A Suratul A'araf kuma Allah Ya siffanta waɗanda suke da zukata da idanu da kunnuwa amma ba su amfani da su, Ya kamanta su da dabbobi, sannan Ya ce sun fi dabbobin ɓata. Dalili a fili yake. Sa bai ajiye hankali gefe ya yi tunkuyi ba, domin ba a ba shi ba. Mutum kuwa an ba shi, ya ɗauke shi ya wasa takobi da shi, ya tara jama'a da shi, ya zaɓi lokacin da maza ba su nan da shi. Don haka idan muka ce wa irin wannan ya zama dabba, dabbar muka yi wa ƙazafi.

KAREN DA KE CIKIN ƘIRJI

Fushi kansa halitta ne, Allah Ya sa shi a cikinmu kamar yadda Ya sa shi a cikin saniya mai jego. Da shi mutum ke kare iyalinsa da mutuncinsa, wanda ba shi da shi ko kaɗan ba a yabonsa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kamanta hankali a cikin Ihya'u da maharbi a kan doki, sha'awa ita ce dokin, fushi shi ne karen farautarsa. In maharbin gwani ne, doki ya horu, kare ya koyu, za a dawo da nama. In kuwa kare ne ke jan maharbi, halaka ce. Ke nan kowannenmu mai kare ne, kuma an riga an yi masa gargaɗi, abin da karen ya ciza yana wuyansa.

Mu mutanen ƙasar kokowa ne, mun san darajar wanda ya ɗauki takobi a fili. Amma Annabi (S.A.W.), a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa ƙarfi na gaskiya yana ga wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, ba ga mai kayar da maza ba. Ya kuma koyar da magani: neman tsari daga Shaiɗan, da zama ga wanda ke tsaye, da kishingiɗa ga wanda ke zaune. Manomin da ya tarar da shanu a gonarsa, ya ajiye gatari ya je ya kira shaidu, ya fi kowane ɗan kokowa ƙarfi a ranar.

Saboda haka muna kira ga makiyaya su ɗaure dabbobinsu da dare, kada su bar garke a hannun ƙananan yara kusa da gonaki, su jira ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa, in ɓarna ta auku su tsaya su amsa, kada su gudu. Muna kira ga manoma kada su nome burtali, kada su toshe hanyar mashaya, domin wanda ya shuka a kan hanyar shanu shi ya fara ƙetare iyaka, kuma kada su sari dabba ko su sa mata guba. Ƙasarmu ta kafa dokar karkara a ranar 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo a ranar 20 ga Mayu 2010, ga kuma masu gari da sarakuna da hardo-hardo da aka ɗora wa sulhu. Waɗanda ke ƙimanta ɓarna su ji tsoron Allah, kada su mai da ita hanyar cin abinci, kada su duba wane ne ɗan gari wane ne baƙo. Limamai da malaman zaure su karantar da babin nan na Risala kafin kaka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuma su hana yara haɗa raguna karo da jifan karnuka, domin yaron da ya saba dariya a kan jinin dabba, zuciyarsa tana bushewa tun kafin ya girma.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya hore mana, Ya kare mu daga sharrin kawunanmu, Ya zaunar da ƙasar Arewa da Nijar baki ɗaya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan fitinu. Allah ne Mafi sani.